Naman Sadakar Baba

Dakoro, tsakiyar damina, 1966

Zuwa ga ƙanena Arzika, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da Aisata da yaranku, ya sa albarka cikin neman da ya kai ka wannan nisan duniya, ya kuma tsare ku daga abin da ba ku iya ɗauka. Mu nan ruwa ya zauna, gero ya wuce gwiwa, wake ya fara yaɗo. Inna tana nan cikin takabarta, ƙafar ce dai ke matsa mata in an yi sanyin safiya, kuma kullum sai ta tambaya ko an ji ɗuriyarka. Na ce mata ɗanta ya zama mutumin Kurmi, ya saba da doya da ayaba, sai ranar da kwaɗayin tuwon gero ya kama shi zai tuna da hanyar Dakoro.

Za ka ga rubutun nan a karkace kamar kaza ta bi ta kan takardar. Da hannuna na yi shi, da ɗan karatun manyan nan da kake yi mini dariya a kansa. Ban je wurin mai rubuta wa mutane takarda a bakin kasuwa ba, domin maganar ta cikin gida ce, ko da yake, Allah na tuba, babu wanda bai san ta ba a Dakoro sai mutum biyu, Inna da ƙanwarmu Dela. Ka sami wuri ka zauna. Raina a ɓace yake, kuma da Yaya Na'Allah ne, ba zan ɓoye maka ba. Maganar ta shafi Dela da 'yarta Kyauta. Zan ɗauko ta daga farko, domin in na fara maka da ƙarshenta ba za ka iya karanta sauran ba, ni kuwa so nake ka san abin da kowa ya yi.

Ka san tun ranar da Baba ya rasu Yaya ya ci alwashin sadakar arba'in sai an yi ta yadda za a daɗe ana labari. Ya aika wa Bafillacen da ke riƙe da shanunmu can wajen Azagor a koro jan bijimin nan da Baba ke ji da shi. Ya iso ana gobe sadaka, kuma ko ni da ban san kan dabba ba na ga ba daidai yake ba. An zuba masa harawa bai ko sunsuna ba, jikinsa sai ɓari yake, yana numfashi sama-sama. Aka ce gajiyar hanya ce. Da gari ya waye, malamai sun fara zama a kan tabarmi a ƙofar gida, sai bijimin ya zube. Aka yi ta kiran a kawo wuƙa kada ya zama mushe. Jimrau mahauci ya yanka shi yana shure-shuren ƙarshe, kowa ya yi hamdala wai an ci sa'a. Ni ina can ciki wajen tukwane, hayaƙi ya cika mini ido, abin da ya faru wurin fiɗa ban gani ba, sai daga baya na ji.

Aka dafa na malamai da na baƙi tun safe, ya dahu lugub. Sauran kuwa aka kasa shi ɗanye, aka bi gidaje da shi a kan faifai, tun daga unguwarmu har bayan kasuwa. Ka san yadda naman sadaka ke tafiya a garin nan. Wadda ta samu sai ta yanka ta miƙa wa maƙwabciyarta ta kan darni, ita ma ta tsakura wa wata, domin kowa ya taɓa albarkar mamacin ya yi masa addu'a. Surukanmu na garin Rumbu suka tafi da nasu. Dela ba ta zo ba, tun da aka yi bakwai ta koma Badar Gula saboda shuka, mijinta Rabo ne ya zo a madadinta. Ni da kaina na zaɓi cinya guda na ɗaure masa a bayan raƙumi, na ce ya gaya wa Kyauta ga saƙo daga mijinta. Ka tuna yadda Baba ke tsokanar jikar nan tasa, yana kiranta amaryarsa, ita kuma tana murguɗa baki tana cewa ba ta son tsoho mai furfura. Shekarun da Dela ta yi tana jiran haihuwa kafin Allah ya ba ta ita ba sai na tuna maka ba, kuma har yau ba ta da wata.

Ba a daɗe ba gari ya fara kwanciya. Farko aka ce gidan wane yara na amai da zawo, kafin a juya an ce gidan wance ma haka, sai ga manya suna murƙususu da ciwon ciki, wasu har da jini. Wasu wuyansu ya kumbura, ko ruwa ba ya wucewa. Waɗanda suka yi fiɗa kuwa, Jimrau da abokan aikinsa, wani irin ƙurji ya fito musu a hannu, mai baƙin kai kamar gawayi. Dispanser, ɗan asibitin namu, ta cika, mutane kwance har ƙarƙashin itatuwa, likita ɗaya tal yana tsallake wannan ya duba wancan. Duk wanda aka kawo sai ya tambaye shi me ya ci. A nan ne na fara jin haushin mutanen garinmu, Arzika. Wannan ya ce ruwan tabki ne, wancan ya ce sabuwar tafasa ce, wata tsohuwa ta rantse mayya ce ta shigo cikin baƙin kasuwa. Kowa ya lura gidajen da faifanmu ya shiga su ne ke kwance, amma babu bakin da zai iya furta cewa sadakar mamaci ta cuce shi. Sai su gamu da ni a hanya, su gaishe ni, su sunkuyar da kai su wuce. Ni ma zuciyata ta fara raya mini, ina ta korar tunanin.

Uwale, matar Jimrau, ita ce ta fasa ƙwan. Ta same ni ina daka da hantsi, ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce hannun mijinta ya kumbura har kafaɗa, ya ga kamar tafiya ce ta zo, ya ce ba zai je gaban Allah da wannan magana a cikinsa ba. Wai ranar fiɗa, da ya buɗe cikin bijimin, jinin baƙi ƙirin ne kuma ya ƙi daskarewa, saifar ta kumbura ta yi kamar matashin kai, tana narkewa a hannu. Ya kira Yaya gefe ya nuna masa, ya ce shi dai bai yarda da naman nan ba. Yaya ya dubi malaman da ke zaune da baƙin da suka taso daga nesa, ya ce a haƙa rami a binne saifar, wuta tana kashe komai, kuma kada ya ji maganar a bakin kowa.

Na yar da taɓarya na nufi gidan Baba. Na iske Yaya a zaure, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi abin da na ji. Bai musa ba. Ya ce shi ma ya ci naman a gaban kowa, ga shi zaune garau, saboda haka ciwon gari daban, sadaka daban. Na ce naman da shi ya ci ai ya wuni a wuta, mutane kuwa gasawa suka yi sama-sama, mata kuma sun yanyana sauran sun shanya. Shi namiji ne, sai dai a ajiye masa akushi ya buɗe, bai san cewa babu macen da ke cinye naman sadaka rana ɗaya ba. A kan igiya yake cikin ɗaki, ana tsinka kaɗan-kaɗan ana sa wa miya har kaka. Na roƙe shi ya je wurin sarki a sa sanƙira ya yi shela, a kuma tura mutane ƙauyuka. Sai ya miƙe tsaye. Ya ce wato so nake a riƙa faɗa a kasuwanni cewa Allah ya ƙi karɓar sadakar Baba, ya maido ta cuta a kan jama'a. Ya ce mutumin da ya buɗe rumbunansa ga rabin garin nan a shekarar yunwa, ba za a bi shi kabari da wannan suna ba, muddin shi yana numfashi. Ka ji fa. Baba da ko fura ce ta kwana ba ya bari a miƙa wa baƙo, wai sunansa ake karewa da barin yaran mutane su ci gaba da cin cuta. Na ce to, Dela fa? A nan ya ɗan yi laushi. Ya ce in bar masa wannan, a ranar zai tashi mutum a asirce ya je Badar Gula ya ce mata ta binne naman. Ya dafa ƙirji ya ce, "Wanga nawa ne, Ramatu. Ki tahi ki kama bakinki." Yayana ne, a wurin Baba yake zaune, na yarda da shi.

Bakin dai ban kama ba. Na gaya wa maigidana, ya ce in je, shi zai tsaya mini. Na wuce dispanser na faɗa wa likita komai. Bawan Allah ya dafe kai. Ya ce ciwon saifa ne na shanu, yana kama mutum ta ci da ta taɓawa, kuma shanya ba ta kashe shi ko da naman ya shekara a kan igiya. Ya ce akwai allurarsa, in an zo da wuri. Nan da nan ya je ya tayar da kumandan, wakilin gwamnati a garin nan, kumandan ya kira sarki da liman da masu unguwanni, aka zauna a rumfar biro, ofishin kumandan. Aka sa ni a gefe, ni kaɗai mace, domin ni na san inda kowane faifai ya nufa. Aka raba aiki. Kamyo, babbar motar kaya, zai tafi Maradi ya ƙaro allura, za a buɗe lakwal, makarantar boko, tunda yara na hutu a kwantar da marasa lafiya, maza kuma su haƙa rami mai zurfi bayan gari, nesa da rijiyoyi. Gumiye, masu raƙuman kumandan, yawancinsu suna can arewa, biyu kawai ke gari. Kumandan ya tambaye ni ƙauyukan da naman ya je. Na ce Rumbu da rugagen da ke kan hanyarta, sai Badar Gula, amma Badar Gula an riga an aika. Da bakina na faɗa, kuma a gaban Yaya, domin sarki ya sa an kira shi, yana zaune a wurin. Ya ji ni sarai, ya dubi ƙasa, ya bar maganar ta wuce a haka. Aka tura raƙuman duka biyu wajen Rumbu.

Sanƙira ya zaga gari da ganga yana cewa duk mai sauran naman da aka raba ranar sadaka ya fito da shi. Ka san abin da aka kawo? 'Yan ƙasusuwa. Mata suka kwance igiyoyinsu suka ɓoye, wata cikin tulu, wata a ƙarƙashin gado, wata a ragaya ta kifa ƙwarya a kai. Wai zubar da sadaka zunubi ne, kuma cin fuska ne ga gidan da ya bayar. Wasu kuma, tsakani da Allah, miyarsu ba ta ga nama ba tun layya. Dogarai suka ce za su shiga su bincika, liman ya hana, ya ce ba a faɗa wa matan mutane cikin ɗaki. Shi ne ya ce abu ɗaya ne zai fito da naman nan, wani daga cikin 'ya'yan mamacin ya je da kansa ya roƙa a maido masa. Aka dubi Yaya, Yaya ya dubi carbinsa. Ka taɓa jin an yi sadaka an koma karɓa? To ni na yi, Arzika. Na ɗauki masaki na bi gidajen Dakoro ɗaya bayan ɗaya. Uwale da ungozomar unguwarmu da wasu mata da suka ji tausayina suka raba unguwanni, hannuwanmu naɗe da tsumma kamar yadda likita ya ce, amma ko'ina sai na leƙa da kaina kafin a fito da shi. Ina sallama ina cewa ni ce Ramatu, na zo karɓar sadakar ubana. Wata ta ba ni tana kuka, wata ta jefo mini ta kan darni ko fuskata ba ta duba ba. Kowace kuma sai mun tambaye ta wa ta tsakura wa, mu bi can.

Liman, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya a masallaci ya ce ladan Baba an rubuta shi tun ranar da aka yi niyya, binne naman ba ya rage masa komai, kuma wanda ya ɓoye har wani ya cutu shi ke da alhaki. Bayan wannan ne mazan da kansu suka fara zazzage ɗakunan matansu. Har fatar sai da muka bi sawunta, muka same ta wurin majemi an kusa yanka ta a yi wasakin rijiya, ka duba inda abin ya so ya kai mu. Aka zuba duka a rami, aka cinna wuta, aka bi da farar ƙasa, aka rufe aka jibga ƙaya saboda karnuka. Yaya bai taka wurin ba.

A lakwal aka fitar da tebura aka shimfiɗa tabarmi, maza a aji ɗaya, mata da yara a ɗayan. Duk gidan da ke da lafiya ya kawo gero ko itace, muka kafa tukwane a fili, ruwa sai an tafasa, kunu ba ya yankewa. Mata suka raba kansu, waɗansu wanki, waɗansu jinya, waɗansu riƙon jariran da uwayensu ke kwance. Kamyon ya maƙale a bakin gulbi a hanyar dawowa saboda ruwa ya cika, samari suka tafi da raƙuma, suka ɗauko akwatunan allurar a ka suka ƙetare da su. Ga shi lokacin noma ne, ciyawa na cin gonakin waɗanda ke kwance, sai sarkin noma ya kira gayya aka bi gonakin nan aka nome su tas. Mutanen garin nan da suka ba ni haushi, su ne kuma suka sa ni hawaye. Da yawa sun tashi, Jimrau ma hannunsa ya saɓe. Amma mun binne mutane, galibi tsofaffi da ƙananan yara, har da jikar sanƙiran da ya yi shelar. Yaya ba ya fashin jana'iza ko ɗaya, kullum yana sahun gaba, yana gaya wa iyaye cewa kwana ne ya ƙare.

Duk hidimar nan hankalina kwance yake ta wajen Dela, har ina gode wa Allah da aka aika mata tun da wuri. Sai ranar kasuwa, na je neman tsamiyar kunun marasa lafiya, wata mai man shanu daga Badar Gula, shigowarta gari ke nan, ta gane ni. Ta yi mini gaisuwar Baba, ta ce an gode da nama, Dela ta raba wa maƙwabta, sauran kuma har yanzu yana rataye a ɗakinta, wai ƙanwata ta iya tattali. Ta ƙara da cewa sai dai 'yar tata ba ta jin daɗi, wuyanta ya kumbura. Ban san lokacin da ƙwaryar ta faɗi daga hannuna ba. Na tarar da Yaya a rumfarsa ta hatsi cikin mutane, ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba, na tambaye shi wa ya aika Badar Gula. Ya ce in rage murya. Ya ce ya yi niyya, sai ya tuna uwar mijin Dela ba ta riƙe magana, in ta ji to duk ƙasar ta ji, ya ga gara a jira ƙura ta lafa, tunda cinya ɗaya ba ta daɗewa a gida mai mutane. A gaban sarki kuma, wai kunya ce ta hana shi cewa bai aika ba. Ka ji hujjar babban wanmu. An yi shela da ganga a tsakiyar Dakoro, ni na bi gida-gida da masaki kamar mai bara, shi kuwa yana zaune yana gadin asirin da ya riga ya zama na kowa. Abin da na faɗa masa a wurin ba zan rubuta maka ba.

Likita ba ya iya barin waɗanda ke kwance, ya ce a kawo ta da gaggawa. Maigidana ya ɗaura wa raƙuma sirdi, muka kama hanya tare da gumiye ɗaya da ya dawo daga Rumbu. Mun iske Kyauta kwance a cinyar uwarta, wuyan ya kumbura ya haɗe da haɓa, tana jan numfashi da ƙyar. Akwai maƙwabta ma da ke kwance. Na ɗaga kai na ga igiyar, saura kaɗan naman ya ƙare. Dela ta ce ita da Rabo sau ɗaya suka ci a miya, ranar da aka kawo. Sauran ta hana kowa, ta ajiye wa yarinyar. Kullum da safe sai ta tsinko ɗan yanki, ta ɗan nuna wa garwashi ta ba ta, tana ce mata ga kyautar mijinki ta ƙarshe, ci ki sami albarkarsa. Yarinyar kuma sai ta yi dariya ta ce ashe tsohon ya iya zaɓen nama. Gumiye ya tsaya tattara naman garin da marasa lafiya, mu muka ɗauko Kyauta da uwarta muka juyo. Da muka iso lakwal likita ya yi mata allura, ya sake yi, amma na ga fuskarsa. Ya ja ni gefe ya ce da an kawo ta lokacin da aka kawo na Rumbu, da yana da abin cewa. Yaran Rumbu duk sun tashi, Arzika, babu wanda aka rasa a cikinsu. Kyauta ta rasu washegari da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ce, ya ba Dela haƙuri, kai ma ina yi maka ta'aziyya.

Yanzu ciwon ya lafa, an kusa kwashe tabarmi daga lakwal, an kuma tura masu allurar dabbobi wajen Azagor domin an ce shanu na faɗuwa a can. Yaya ne ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwar rasuwar Kyauta, da rawaninsa da komai. Ko bakwai ɗinta ba a yi ba dattijan unguwa suka zo wurin maigidana, wai ya sa ni in je in ba Yaya haƙuri, na ɗaga masa murya a kasuwa, na zubar da girman gida. Babu wanda ya je wurinsa ya tambaye shi abin da shi ya zubar. Na ce a gaya musu na ji, na gode, kuma ba ni zuwa.

Dela tana ɗakina tun ranar, ba ta fita, ba ta cika magana ba. An gaya wa Inna rasuwar, ba a gaya mata dalili ba. Sau ɗaya Dela ta tambaye ni me ya sa ba a aika musu da wuri ba, na ce raƙuman kumandan biyu ne kawai a gari. Ba ƙarya na yi ba, amma Allah ya sani ba amsar ke nan ba. Yaya bai iya shigowa ya dube ta ba, sai dai ya aiko matarsa da tuwo, ita kuwa ta ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi. Shekaranjiya ina taje mata kai, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Ramatu, ki tahi ki hwaɗa ma Yaya kar shi sa ma ranshi damuwa. Alheri ya yi niyya, ai bai sani ba." Ta ce in gaya masa ta yafe, in ma akwai abin yafewa.

Ban kai saƙon ba, kuma ba zan kai ba. Ƙafata ba za ta ɗauki wannan magana zuwa zauren nan ba, ya karɓa ya gyara zama ya ce Allah ya yi mata albarka. Kullum sai ta tambaye ni ko na faɗa masa, in ce ban same shi shi kaɗai ba. Na gaji da wannan amsa, kuma ina jin ita ma ta fara lura ba na duban idonta in ina ba ta.

Ka zo gida, Arzika. Na san damina ce, na san nisan hanya, na san uzurinka ba ya ƙarewa, amma wannan karon ban karɓa ba. Rabo zai zo ɗaukar Dela in aiki ya yi sauƙi a gona, kafin nan kuma za ta fara fita rijiya, inda babu macen da ba ta san abin da Jimrau ya gani ba. Ba na so ta tsinci maganar nan a bakin rijiya. So nake ta ji daga bakin Yaya, a gabanmu ni da kai, kuma kai ne namijin da ya rage a gidan Baba da zai iya sa shi ya zauna ya faɗa. In ba ka zo ba, ranar da ta dube ni ta tambaye ni kai tsaye zan gaya mata duka, daga nan kuma ban san ko 'ya'yan Baba za su sake zama a kan tabarma ɗaya ba.

Ka gaishe mini da Aisata da kyau, da yara, da Elhaji mai masaukinka, da duk mutanenmu da ke nan zango. Inna tana sa maka albarka. Maigidana yana gaishe ka, Dela ma ta ce in gaishe ka, ta ce ka sa 'yarta a addu'a. Babu gaisuwar Yaya a cikin takardar nan, domin ban tambaye shi ba, kuma tun ranar kasuwar ban sake yi masa magana ba.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kawo ka da wuri.

Ni ce yayarka,
Ramatu